Ka ce mu sa wa zoɓo gas a kwalba

Ɗana, jiya muna wanke gorori ka tambaye ni ko za mu iya sa wa zoɓonmu gas kamar yadda ka ji Turawa na yi wa ruwan tuffa: a ƙara sukari, a toshe kwalba, a jira. Hannuna na cikin kumfa, ban ba ka cikakkiyar amsa ba. To, saurara.

Abin da ka ji gaskiya ne. A yankin Samaset na Ingila da Nomandi ta Faransa ana matse tuffa a yi abin sha da suke kira sida. Mai yin ta a gida yakan bar ruwan ya tsimu na makonni, har yis, wato ƙwayoyin nan da ke sa ƙullin burodi ya tashi, ya cinye sukarin ciki tas. Sai bayan nan ya auna sukari kaɗan, kamar gram 6 zuwa 8 a kowace lita, ya ɗura a kwalba mai kauri ya rufe gam. Sauran yis ɗin da ke ciki ya ci wannan ɗan sukarin ya fitar da gas, gas ya rasa hanyar fita ya narke a ruwan. Wajen mako biyu a ɗaki mai sanyi-sanyi, an gama.

Amma yis ba ya ba da gas shi kaɗai. Duk sukarin da ya ci, kusan rabi ya zama gas, rabi barasa. Sida giya ce. Masu sayen zoɓonmu sun yarda da mu ne suke miƙa wa 'ya'yansu gora ba tare da sun sansana ba, kuma ba zan ci wannan amanar ba.

Sai maganar ƙarfin gas a cikin kwalba, wadda ita ce ke hana ni barci. Gram 4 na sukari a lita yana ƙara matsin iska kusan ma'auni ɗaya, wato kwatankwacin matsin iskar da ke kewaye da mu. Masu shamfen, giyar Faransa mai kumfa, na sa gram 24, su sami matsi fiye da ninki biyu na tayar mota, shi ya sa kwalbarsu ke da nauyi, murfinta ɗaure da waya. Zoɓonmu kuwa sukarinsa ya kai gram 100 a lita, kuma ba a cinye ko ɗigo ba. Ka haɗa wannan da zafin Kano na watan Afrilu!

Na gani da idona. Wata shekara aka ɗauke wuta kwana biyu, firij ya huce. Sanyi ba ya kashe yis ɗin da ke cikin zoɓo, kwantar da shi kawai yake yi. Na buɗe shago da safe na tarar da gorori sun kumbura, gindinsu ya turo har sun kasa tsayuwa. Ina taɓa murfin ɗaya ya yi tsalle, jan ruwa har silin. Na gode wa Allah roba ce. Da kwalba ce, ban san halin da idona zai shiga ba.

Idan gas kake so, ga hanya mai tsabta. Kamfanonin lemo tura gas suke yi daga tukunya cikin ruwa mai sanyi ƙarara, don ruwan sanyi ya fi riƙe shi. Mu ba mu da injin, amma akwai ruwan soda a kasuwa. Gobe ka dafa zoɓon da kauri, ka ƙara citta da kanumfari, ka sanyaya shi sosai. Mai saye na zuwa ka zuba rabin kofi, ka karkata shi, ka tsiyaya sodar a hankali ta gefe. Ni zan fara ɗanɗanawa.