Korayen ƙwallaye a kan dutsen tankin murjani

Tambaya: Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a gidana da ke Gwarinpa, Abuja, mai cin lita 200, inda nake kiwon kifin teku da murjani mai rai. Wasu korayen ƙwallaye masu sheƙi kamar 'ya'yan inabi sun fito a kan duwatsun, kullum ƙaruwa suke yi. Shin in farfasa su ne?

Amsa: Malam, kada ka fasa su a cikin ruwan. Abin da ka gani wata gansakuka ce ta teku da masana ke kira Valonia, kuma abin mamakin halittarta shi ne kowace ƙwallo ƙwayar halitta guda ce tak, ko da girmanta ya kai santimita 4 ko 5. Ruwan da ke cikinta yana iya haifar da sababbi, saboda haka wanda ya matse ta a tanki tamkar ya watsa iri ne a gona. Galibi tana shigowa ne a maƙale da dutse ko gindin murjanin da aka sayo.

Hannu shi ne babban maganinta. Idan dutsen yana ciruwa, ka fito da shi, ka ɓamɓare ƙwallayen a cikin bokiti, sannan ka ɗauraye shi da ruwan gishiri kafin ka mayar. Idan ba ya ciruwa, ka kama kowace ɗaya daga gindinta da yatsu ko hantsaki, ka murɗa a hankali har ta saki, kana riƙe da siririn tiyo yana zuƙe ruwan wurin, domin in ta fashe abin da ya fito ya bi tiyon. Manya sun fi sauƙin cirewa; ƙananan da suka cushe a ramukan dutse su ne masu cin rai, kuma sai ka maimaita aikin duk mako.

Akwai wata ƙaramar kaguwa kora, Mithraculus sculptus, da ke cin ta, sai dai ba kowace ce take yi ba, kuma in yunwa ta kama ta takan taɓa murjani. Wani kifin teku mai suna Siganus ma yana ci, amma tankinka ya yi masa kaɗan, ga ƙayoyinsa da dafi. Kashe fitila na kwanaki kuwa ban ba da shawararsa ba, domin wannan gansakuka tana jure ƙarancin haske fiye da murjaninka.

Sai batun ruwa, inda na fi zargin matsalar take. Ruwan famfo ko na burtsatse yana iya ɗauke da fosfet da naitiret, waɗanda su ne takinta, don haka ka haɗa gishirinka da ruwan da injin RO (na'urar da ke tace sinadarai daga ruwa) ya tace kawai. Ka rage abincin kifin, ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako, ka riƙa gwaji har fosfet ya sauka ƙasa da miligiram 0.1 a kowace lita, amma kada ka kai shi sifili, domin murjani ma yana buƙatar kaɗan. Duk sabon dutsen da za ka saka nan gaba, ka duba ramukansa da tocila tukuna.