Wutar daji a Salaga: amsa ga ɗan'uwana na Kano

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Salaga, a nan arewacin Gana, ba mu da masu faɗa a ji ne, da muke zuba ido daji yana ci da wuta duk shekara. Har ka ƙara da cewa ƙila zama da Gwanjawa ne ya sa muka ɗauki abin da ba namu ba. Wannan ta biyun ta sosa min rai, amma bari in fara da wutar.

A wajenku gona ta haɗe da gona, kara kuwa kafin ya gama bushewa an kwashe, na dabbobi daban, na danni daban. To me wuta za ta ci? Nan ruwa yana sauka tun Mayu har Oktoba, gamba ta fi tsayin mutum, daji iya ganinka. Da hunturu ya busa ciyawar nan ta bushe, ko ka so ko ka ƙi sai ta ƙone. Abin da ke hannun mutum shi ne lokacin.

Wutar Nuwamba, ciyawa da sauran danshi, ƙasa-ƙasa take bi, raɓar dare ta kashe ta. Kaɗanya da ɗorawa ɓawonsu da kauri, ko a jikinsu. Ba a jimawa toho ya fito, shanun Fulani su samu abin ci. Ko ma'aikatan gandun dajin Mole da hannunsu suke sa irin wannan. Wadda muke tsoro ita ce ta Janairu da Fabrairu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa, kaɗanya tana fure. Maharbi ya cinna don ya kori gyazbi, ko mai ɗiban zuma ya yar da bakin wuta, sai a wayi gari rumbun doya ya zama toka, matan da ke jiran ƙwara kuma su tashi a tutar babu.

Mahaifiyata Bagwanjiya ce daga Kpembe, kusa da Salaga, kuma a wurinta na koyi wannan. Ita ke tasa mu gaba mu share ciyawa mu kewaye rumbu tun hayaƙi bai fara tashi ba. Ta dubi inda shirwa ke shawagi ta gaya maka inda wutar ta kai. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, goro ya sani. Kakansa ya taso daga Kano a fataucin Gwanja, ya yi aure nan, nan kabarinsa yake. Da bai auri 'yar gari ba, wa zai aura? Ku a can kun ɗauka duk wanda uwarsa ba Bahaushiya ba ce an surka shi. Mu kuwa da Hausa muke tafsiri, da ita muke ciniki, da ita ake raɗa wa 'ya'yanmu suna. In mun je Kano a ce 'yan Gana, nan kuma a 1969, da Busia, firaministan Gana na lokacin, ya kori baƙi, an nuna dangoginmu da yatsa.

Bikin nan na wuta da ka gani a Facebook, Jintigi na Gwanjawa ko Bugum na Dagombawa, daren 9 ga Muharram ake yi, babu ruwansa da ƙona daji. Malamanmu ma sun saɓa a kansa, wasu gidajen suna hana yara fita.

Kada ka ɗauka ba mu san zafin wutar daji ba. A 1983 fari ya haɗu da gobara, gonakin koko a kudu suka ƙone, yunwa ta shigo, a shekarar ce kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Tsofaffinmu har yau da wannan shekarar suke ƙirga shekarun yara. A 1990 aka yi dokar hana ƙona daji, aka ce kowane gari ya kafa 'yan sa-kai. Amma inda aka hana wutar farko, ciyawa taruwa take yi ta jira ta Fabrairu.

Yanzu samarinmu sun koma dashen kashu, shi kuwa ba kaɗanya ba ne, yana ƙarami wuta ɗaya ta isa ta gama da shi. Su suna so a hana gaba ɗaya, dattawa da makiyaya suna cewa a bar ta Nuwamba. Ni ina bayan dattawa, ƙanena mai gonar kashu yana can ɗaya ɓangaren, kuma bana ma sai mun sake zama gaban sarkin zango a kai.