Ku Tambaya Mu Amsa: Wanne Ne Ainihin Kumbon Enterprise?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, kuma ni da ƙanena mun daɗe muna kallon Star Trek. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu. Shi ya ce kumbon Enterprise da ake nunawa a Strange New Worlds, ɗaya daga cikin sababbin shirye-shiryen Star Trek, ba shi ne na Kyaftin Kirk, jagoran kumbon a tsohon shirin, ba, don fasalinsa ya sha bamban da na tsohon shirin, alhali labarin ya riga na Kirk faruwa. Ni kuwa na ce kumbo ɗaya ne. Don Allah ka raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ina bayanka a wannan magana, amma kada ka raina hujjar ƙanenka, don ba da ka ya yi magana ba.

Mu fara da wanda ya zana kumbon. Sunansa Matt Jefferies, mutumin da ya san jirgin sama ciki da waje tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, ya ba shi aikin, kafin shirin ya fara fita a Amurka a 1966, ya hana shi zana roka mai feshin wuta irin ta finafinan lokacin. Sai Jefferies ya zauna ya yi tunani irin na injiniya. Injin da zai tura kumbo fiye da gudun haske abu ne mai haɗari, don haka ya ɗora injunan biyu a kan sanduna, nesa da inda mutane ke kwana. Jikin kumbon ya bar shi sumul, domin a ganinsa kayan aiki a ciki ya kamata su zauna, kada a riƙa tura mutum waje gyara a wurin da babu iska. Daga nan aka samu siffar da kowa ya sani: faifai a gaba, wuya, gangar jiki a ƙasa, injuna biyu a sama ta baya. Samfurin da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon ƙafa 11, yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington, wanda ya karɓe shi tun 1974.

To, ga inda ƙanenka ya samu makami. Masu shirin da kansu sun sha nuna cewa tsohon fasalin nan na shekarun 1960, da maɓallansa masu launi da jan shingen da ya zagaye ɗakin tuƙi, haka yake a cikin labarin. A 1992, cikin The Next Generation, ɗaya daga cikin shirye-shiryen Star Trek da suka biyo bayan na farko, an sake gina wani ɓangare na ɗakin tuƙin don Scotty, tsohon injiniyan kumbon Kirk, ya zauna a ciki yana tuna baya. A 1996, wani shirin nasu, Deep Space Nine, ta mayar da jarumanta zamanin Kirk, aka nuna kumbon yadda yake ba ƙari ba ragi. A 2005 ma wani shirin, wanda shi ma sunansa Enterprise, ya kawo Defiant, ɗan'uwan kumbon Kirk, da tsohon fasalinsa. Wanda ya ga waɗannan, sannan a ƙarshen zangon farko na Discovery (shirin da Strange New Worlds ta gaji sabon fasalin kumbon daga gare shi) a 2018 ya ga Enterprise ya bayyana da sanduna masu karkata baya da fitilun zamani, ba tare da kowa a labarin ya ce uffan ba, dole ransa ya sosu. Musamman da yake a fim ɗin Star Trek na farko, na 1979, lokacin da aka fara sauya kumbon, an mutunta 'yan kallo an ba su dalili: an ce wata goma sha takwas aka yi ana yi masa garambawul, har Kirk ya kasa gane hanya a cikinsa.

Duk da haka na ce kumbo ɗaya ne, ga kuma dalilina. Ka tambayi ƙanenka, Spock, mataimakin Kirk, nawa ne a labarin? Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa a da, Ethan Peck ke fitowa yanzu. Fuska daban, murya daban, amma ba wanda ya nemi a yi masa bayanin yadda kamannin Spock suka sauya. Mun yarda cewa mutum ɗaya ne, ɗan wasa ne ya canja. Haka nake kallon kumbon. Abin da kafinta da mai fenti suka iya yi da kuɗin talabijin na 1966 ba shi ne iyakar abin da labarin ke nufi ba. Ko tsohon shirin ma, daga 2006 an sake fitar da shi da hotunan kumbon da aka yi da kwamfuta a madadin na samfurin.

Ma'aunina shi ne tunanin Jefferies. Idan injuna suna nesa da mutane, jiki sumul, faifai da wuya da ganga suka zauna daidai wa daida, to Enterprise ne. Zanen da John Eaves da abokan aikinsa suka yi wa Discovery, wanda Strange New Worlds ta gada a 2022, ya riƙe wannan amana. Wanda ban gamsu da shi ba shi ne na fim ɗin J.J. Abrams na 2009, mai ƙattin injuna da suka matso kusa da juna suka danne gangar jikin, ga shi an kumbura girmansa ya ninka mita 289 na tsohon fiye da sau biyu. Amma shi wannan ba ya cikin shari'arku, domin fim ɗin ya faɗa ƙarara cewa tarihi ya rabe ya ɗauki wata hanya.

Abin da nake ganin laifin masu Discovery a kai shi ne shirun da suka yi a cikin labarin. Masu lura da lambar da ke jikin faifai da yawan tagogi su ne suka riƙe shirin nan bayan an dakatar da shi a 1969, har ya dawo. Sun cancanci ko jimla ɗaya ce daga bakin wani injiniya.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Me ya sa goshin Klingon, mayaƙan nan na wata duniya a Star Trek, yake sumul a tsohon shiri, amma daga baya ya zama mai tudu-tudu?

AMSA: 'Yar'uwa, asalin dalilin kuɗi ne da kayan kwalliya. Da suka fara fitowa a 1967, shafe-shafen fuska da gemu kawai aka iya yi musu. Fim ɗin 1979 ne ya samu halin yi musu sabon goshi. An daɗe ba a ce komai ba. A 1996 aka tambayi Worf, wanda shi ma Klingon ne, a cikin labari, ya ce magana ce da ba sa yi da bare. Sai a 2005 shirin Enterprise ya ba da amsa a fitowa biyu: Klingon sun yi gwaji da ƙwayoyin halittar wasu 'yan Adam da aka ƙara wa ƙarfi, abin ya rikiɗe ya zama annoba, maganin da Likita Phlox ya samo ya ceci rayuka amma ya bar miliyoyinsu da goshi sumul, su da zuriyarsu. Discovery ta sake musu kama a 2017, ta fito da su ba gashi, sannan a zango na biyu ta mayar musu da shi, ta ce aske kai suke yi a lokacin yaƙi.