Tambaya da Amsa: Na'urar tayarwa da caji ta ƙaramar tarakta ta sake ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Muna da tsohuwar ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, Cub Cadet mai injin Kohler, wadda muke gyara filin makarantarmu da ita a Wamakko. Na'urar da ke tayar da injin kuma ta yi wa batir caji ta ƙone karo na biyu, ga damina ta ƙarato. Mai gyaran wutar mota ya cire kan batir injin na aiki don ya nuna mini ba ta caji, ya ce a ɗaura kik na mota a huta. Ina tsoron sake zuba kuɗin makaranta a banza.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Batun kik na mota ka ajiye shi gefe, domin kik yana buƙatar haƙora a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfe da ke juyawa tare da injin, su kuwa waɗannan injuna na shekarun 1960 da bel ake juya su, kuma ko da an yi dabarar ɗaura shi, babu abin da zai mayar wa batir wutar da kwayil, mai bai wa fulogi wuta, ke sha. Sabuwar na'ura irin tata ana samunta, amma kafin ka biya ka tabbatar ƙarfin wutarta bolt 12 ne, kunnuwanta sun yi daidai da mazauninta, sannan ɓangaren da take juyawa ɗaya ne da na tsohuwar, saboda akwai mai bin hannun agogo, akwai mai saɓa masa, kuma a ido kusan kamanninsu ɗaya. Idan amecarta, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikinta, ba ta narke ba, sau da yawa sabon kabon da boris da goge zoben tagulla sun isa, kuma tsohuwar na'ura ƙirar kamfanin Delco-Remy da aka gyara da kyau ta fi yawancin sababbi masu arha ƙarko.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne cire kan batir. Kusan kullum sai an kawo mini aikin da wannan ɗabi'a ta lalata, kuma masu yinta suna yi ne da alfahari, mai abin hawa na tsaye yana kallo yana ganin ƙwarewa ce. Da farko ma gwajin ƙarya yake faɗa. Wannan na'ura ba ta ba da wutar kirki sai injin ya ɗauki gudu. Idan yana silo, ragileta, wato abin da ke daidaita caji, ta riga ta raba ta da batir, don haka da zarar an zare kan, injin zai mutu ko da na'urar lafiyarta ƙalau, sai a yanke mata hukunci a aika mutum kasuwa. Na biyu, idan injin na gudu aka zare, batirin da ke daidaita wuta ya fita daga layi, sai ƙarfin wutar ya yi tsalle ya bi ta kan ragileta da kwayil da fitilu, ya ƙona abin da ya samu. Wato mai gyaran ya ƙirƙiro ciwon da ya ce ya gano, sannan ya karɓi kuɗin magani.

Na uku shi ne wanda bai shafi kuɗi ba. Batirin da ke karɓar caji yana fitar da iskar haidurojin, kuma a zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, ruwansa na saurin ƙafewa, iskar ta taru a sararin da ya bari. Tartsatsi guda daga kan da aka zare ya isa ya fasa batirin ya watsa ruwan asid a fuskar wanda ya sunkuya a kansa, wanda galibi yaron shago ne da aka ce ya riƙe waya. Ban ga uzurin da mutum zai bayar ba, alhali mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Duk wanda ke karɓar kuɗin jama'a da sunan gyaran wuta amma ba shi da mita, ya ji tsoron Allah ya saya, ko ya bar sana'ar ga masu ita.

Gwajin gaskiya ba ya ɗaukar minti biyar. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 injin na kashe. Idan aka tayar aka ƙara wuta, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, a duba bel da wayoyin da ke kan alamar A da F a jikin na'urar da kuma ko ragileta ta kama jikin ƙarfe sosai, domin ƙurar hunturu da tsatsa kan raba su.

Ƙonewa sau biyu kuwa tana nuna cewa sanadin yana wani wuri. Ko dai ragileta ta maƙale tana tilasta wa na'urar aiki ba hutu, ko kuma ana danne makulli tsawon lokaci injin na ƙin juyawa. Injunan Kohler da dama suna da wata dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa don matsi ya ragu, kuma idan saitin bawul ya kauce, na'urar za ta yi ta kokawa har ta yi zafi. Ka sa a saita bawul, ka sayi sabuwar ragileta tare da na'urar, kuma kada mai tuƙin ya danne makulli fiye da daƙiƙa goma ba tare da ya bari ta huce ba.