Ɗan takararmu ya taɓa ba ɗaya jam'iyyar kuɗi, mu juya masa baya?

Ɗan'uwa, ka ce mai neman tikitin Democrat na majalisar wakilan Amurka a mazaɓarku ya taɓa tallafa wa 'yan Republican, kana tambaya ko binciken da kuke masa ya dace. Ƙwarai ya dace. Duk gudummawar zaɓen tarayya da ta haura dala 200, doka ta wajabta a kai wa FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin yaƙin neman zaɓen tarayya a Amurka, sunan mai bayarwa da sana'arsa da wurin aikinsa, kuma kowa na iya dubawa a shafinta kyauta. Sai dai ku yi hattara, suna na kama da suna, ku tabbatar shi ɗin ne kafin ku yaɗa.

Ni abin da na fi dubawa shi ne yaushe aka bayar da kuma sau nawa. Kyauta ɗaya shekara goma sha biyar baya daban take da wadda ake maimaitawa har bara. Shri Thanedar, ɗan Democrat, ya taɓa ba John McCain, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, kuɗi a 2008, aka yi ta masa gori, amma ya ci zaɓen fidda gwani na Democrat na majalisar wakilai a jihar Michigan a 2022.

Ku je taronsa ku tambaye shi ido da ido. In ya fara kame-kame, ni kam ba zan ba shi ƙuri'ata ba.