Kafin ka ɗora ampli a mota

Zauna nan, yaro, ajiye wayar nan. Ka ce wani mai shirya wasa ya neme ku, kai da abokanka masu baƙaƙen riguna, ku je Damagaram ku kaɗa rok da wanga kiɗa naku na metal, shi kuma zai sallame ku daga kuɗin ƙofa bayan an tashi. Kana so in ba ka aron babban ampli, mai ƙara wa gitar sauti, da bafal biyu, wato lasifikokinsa, kana kuma tambaya ko lokaci ya yi da za ka bar zaman shago ka riƙe gitar ita kaɗai. Ampli dai ba zai bar shagon nan a kan alkawarin baki ba. Irin wannan alkawari ne ya rushe orkestrata, kuma har yau raina bai huce ba.

Mu biyar ne a lokacin. Ni ke riƙe da solo, ga mai raka ni da gitar ta biyu, ga mai bas, ga mai ganguna, ga mawaƙi. Ba wanda ya zauna ya koya mana. Cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya tana can Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan Maradi, wa zai kai ɗan talaka? Kaset muke sawa a rediyo, mu mayar da shi baya da biro, mu sake saurare, har kunne ya kama abin da yatsa zai yi. Daga Bagalam har Sabon Gari, in aka ce mai gitar da ke gurnani, ni ake nufi. Je ka tambayi masu furfura a bakin babbar kasuwa, za su faɗa maka.

A ƙarshen 1993 na sayar da 'yar fadamar da na gada a bakin Gulbi, na bi ta Dan Isa da Jibiya na shiga Kano, na sayo ampli Peavey mai fitilu a kasuwar Sabon Gari. 'Yan'uwana sun daɗe ba sa amsa gaisuwata saboda gonar nan. Sai ga shi a watan Janairun 1994 an karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje kuɗinsa ya ninka a hannunmu. Na ce Allah ne ya sa na riga na saya, don da na yi jinkirin wata biyu da gonar ba ta isa ba.

Ana cikin azumin shekarar sai ga wani mutum da babbar riga da ƙamshin turare. Ya ce ya kama fili a wani gari kan hanyar Dakoro, yana so mu yi wasa daren Sallah, jika 150, a biya bayan an tashi. Na ce ya ba da kafin alƙalami. Ya dafa ƙirji ya ce haba maigida, da azumi a bakinsa zai ci haƙƙin wani? Mai gangunanmu matarsa na da tsohon ciki, mawaƙi kuma bai ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah ba, suka taru suka sa ni gaba. Kuɗin motar da ta kwashe mu da kaya ma daga aljihuna ya fita.

Mun isa da la'asar. An kewaye filin da zana, an bar ƙofa ɗaya. Wutar kuwa daga wani babban grup ne, wato injin ba da wuta, mai layi uku da suka yi haya a wurin masu injin niƙa. Kai ka sani, ko in ce ya kamata a ce ka sani, tsakanin layi ɗaya da nutur wuta 220 ce, tsakanin layi da layi kuwa 380 ce. Na jera kaya, na ce da ƙarfi kowa na ji kada wanda ya taɓa waya sai na dawo na auna da mita. Mutumin ya kama hannuna wai mu je mu gai da manyan gari, don ba a kiɗa a garin mutane ba a yi sallama ba. Ina can tsugunne ina gaisuwa, ashe ya zame ya koma fili. Jama'a sun taru a ƙofa sun ƙi biya sai sun ji ƙara, shi kuma idonsa na kan kuɗi. Ya sa yaronsa ya haɗa wuta. Yaron ya kama layi biyu. Fiyus ya yi aikinsa, ya tsinke, kuma da a nan aka tsaya da ban yi asarar komai ba. Sai suka zare fiyus ɗin, suka naɗe shi da farar takardar cikin kwalin taba, suka mayar, suka sake kunnawa.

Tun daga bayan zana na jiyo warin. Transfo ya dahu, kondansater sun fashe, fitilu biyu sun yi fari. Gonar ubana ce ke hayaƙi a kan benci.

Duk da haka mun yi wasan, don mutane sun riga sun biya, kuma da mun ce ba mu yi da jifa za a raka mu. Na haɗa gitar a wani ƙaramin ampli da batirin mota, aka ɗaura wa mawaƙi lasifika irin ta masu tallar magani. Muka kaɗa har dare ya raba, fili cike, ba masaka tsinke. Da aka tashi na nemi mutumin, mai karɓar kuɗin ƙofa ya ce ya tafi neman canji. Akwatin kuɗi ma ya tafi tare da shi. A kan zanar nan muka kwana. Da safe mai grup ya zo, shi ma ba a biya shi ba, ya riƙe gangunanmu ya ce ai tare muka zo. Na kai ƙara wurin hukuma, tambaya ɗaya aka yi mani: ina takarda, ina shaidu? Ba ko ɗaya. Aka ce in yi haƙuri.

Na kai transfo ɗin Kano aka sake naɗa masa waya, bai daɗe ba ya sake ƙonewa, kuma ko lokacin da yake aiki muryar ba ta dawo ba. Sabo kuwa ya fi ƙarfina, kuɗi ya ninka, gona ta tafi. Orkestrar da ba ta da kayan sautinta aikin mai haya take yi: in an biya ku, shi zai fara ɗauka, ku raba guntun da ya rage. Haka muka riƙa ja har mutane suka gaji. Mai ganguna, bayan mun fanso gangunan da ƙyar, ya sayar da su ya bi ta Agadas ya tafi Libiya, bai ƙara riƙe sanda ba. Mai bas, wanda ban taɓa jin hannu irin nasa ba a duk ƙasar Katsina da Gobir, ya koma kabu-kabu har ƙafarsa ta lalace. Mawaƙi ya shiga bin 'yan siyasa, yau ya yabi wannan gobe ya yabi wancan, har muryar ta zube mutunci ya bi ta. Mai raka ni ya jingine gitar gaba ɗaya ya kama sayar da albasa, shi ne ma ya fi mu rufin asiri. Ni kuma na zauna na koyi dalma da gyara, don na rantse ba wanda zai sake taɓa mani waya. Shagon nan da kake zaune ciki daga nan ya samo asali. Mutumin da ya cuce mu yana nan cikin gari, ya gina bene, ya je Makka, muna haɗuwa wurin jana'iza ya miƙo mani hannu. Ina karɓa saboda idon jama'a, amma ban yafe ba, kuma ya sani.

Ba ɗaya daga cikinmu da ya bar kiɗa don bai iya ba. Wannan ne ku yaran yanzu ba ku ganewa. Kuna zaune kuna latsa waya, kun ga mai gitar nan Mdou Moctar a dandamalin Amurka, kowa ya sayi baƙar riga ya ce shi ma gobe. Kun san ta inda ya bi? Yaron ƙasar Tawa ne, wajen Abalak, gidansu ba sa son kiɗa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar gitar ɗinsa ta farko. Shekaru ya yi yana kaɗa wa masu buki, waƙoƙinsa na yawo daga waya zuwa waya ba a biyansa ko dala, kafin wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel ya neme shi. Bombino ɗan Agadas sai da ya sha gudun hijira, har Burkina Faso ya zauna lokacin tawayen 2007, kafin duniya ta san shi a sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Grammy a 2019. Dubi orkestrar Tal National a Yamai. Shugabansu Almeida alƙali ne, aikinsa yake zuwa da rana, da dare su kaɗa awa huɗu, awa biyar, kusan kullum. Alƙali bai ga gitar ta isa ta raba shi da aikinsa ba, sai kai da ko regilater mai daidaita wuta ba ka mallaka ba? Shi kansa metal ɗin naku ma'aikata ne suka haife shi a Bamingam ta Ingila. Tony Iommi, mai gitar da ke cikin waɗanda suka fara kiɗan, a masana'antar ƙarfe inji ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya yi wa yatsun murfi, daga baya ya sassauta tsirkiya don ta rage masa zafi, nauyin nan da kuke so a kiɗan har da nan ya fito. Ku kuwa in tsirkiya ta ɗan ci maku fata sai ku ajiye gitar ku ɗauki hoto.

Sannan ka dubi garin da kake ciki. Maradi garin 'yan kasuwa ne da malamai. Wuraren da muke kiɗa da dare a da, yawancinsu sun rufe. Mai buki yanzu yaro ɗaya yake kira da kwamfuta da piyano, ya biya mutum ɗaya maimakon biyar. Kamfen ɗin siyasa da ke ɗan riƙe makaɗa, tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da harkar jam'iyyu, wannan ƙofar ta rufe. Ka ga da idonka yadda muka sha lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, tsirkiya ɗaya sai da roƙo. A cikin wannan hali, mutum nawa ne za su cire kuɗi su shiga jin kiɗan da mawaƙi ke kururuwa cikin harshen da ba sa ji? Ban hana ka metal ba, hannunka na dama yana da sauri, na lura. Amma in kana so a biya ka a ƙasar nan, sai ka iya zuba wannan gurnani a kan kiɗan kalangu da gurmi, ka yi waƙar da Hausa, ka iya tayar da mata rawa a buki ba ka ji kunya ba. Shago kuwa ba za ka bar shi ba sai ranar da ka sayi ampli naka da kuɗin gitar, ba da gonar wani ba.

Yadda ake ɗaure tsirkiya, da daidaita ta, da naɗe waya, ba zan ɓata yawuna a kai ba, ko yaron da ke share shago ya sani. Abin da za ka yi shi ne ka kira mai shirya wasan nan naku yau. Rabin kuɗi a hannu kafin a ɗaga ko da sandar makirfo, sauran rabin kafin ku hau dandamali. A rubuta a takarda, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, ɗaya ya zama mutumin da ake jin kunyarsa a garin. Motar zuwa da dawowa a kansa. In ya dage sai kuɗin ƙofa, to mutuminku zai zauna a ƙofar da akwati a cinyarsa, ba ɗan'uwan mai wasa ba. In ya fara rantse-rantse yana cewa ba ku yarda da shi ba ne, kashe wayar, ka gama da shi.

In ya cika waɗannan, zan ba ka ƙaramin ampli, ba babban ba, da regilater, da mita. Kai za ka auna wuta da hannunka, ka ga 220 da idonka, kuma ko sarki ne ya aiko kiranka ba za ka bar kaya ba sai ka bar mai tsaro. Ka tafi da fiyus na ajiya daidai da lambar da ke rubuce a bayan ampli. In ɗaya ya tsinke, akwai dalili, nemo shi kafin ka sa wani. Kada ka kunna mai fitilu ba a haɗa masa bafal ba, transfo na fita na iya tafiya. Bafal biyu masu om 8 in ka haɗa su gefe da gefe sun zama om 4, duba ka ga ampli ya yarda da haka. Kuma ka gaya wa mai gitar ɗinku na biyu, wanda ke murɗe komai har ƙarshe yana zaton ƙara ita ce nauyi, cewa in ya yaga mani bafal ubansa zan bi.

Kuɗi kuma ku raba shi a daren, kowa na gani, kashi shida in ku biyar ne. Na shidan na kaya ne, a ajiye shi wurin wanda ba ya cikin orkestra. Waƙoƙin da kuka ƙirƙira da kanku a kai su BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, a rubuta sunan kowa da abin da ya sa a ciki tun kuna shiri da juna. Gobe ka zo da mai gangunanku, ina so in ji ko yana iya riƙe kiɗa minti goma bai yi gudu ba, don jiya daga nan nake jin yana barin ku a baya.