Kunnen Maigidana Na Ƙugi Tun Da Ya Fara Aikin Layin Dogo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana aikin shimfiɗa layin dogo a wajen Kazaure, shi ke riƙe injin yankan ƙarfe. In ya dawo gida kunnensa ya dinga ƙugi ke nan har ya kwanta, rediyo ma sai ya ƙure murya yake ji. Auduga yake cusawa a wajen aiki. Akwai magani?
Daga wata mai karatu a Roni, Jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ƙugin nan gargaɗi ne. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke miƙa sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su a hankali, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa, ba maganin sha ko allurar da za ta dawo da shi. Wanda ya saura shi za a ceta.

Ana auna ƙara da desibel. Kunne na jure desibel 85 na awa 8. Duk ƙarin desibel 3 lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe kan kai 100, har ya zarce. In sai ya ɗaga murya wanda ke gabansa taku ɗaya yake jinsa, ƙarar ta yi yawa.

Auduga ba ta tare ƙara sosai. Ya nemi matoshin kunne na soso a wajen aikinsu. Da hannu mai tsabta zai murza shi ya sirance, ya zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ya ja kunnen sama, ya tura, ya riƙe daƙiƙa 30 har ya kumbura a ciki. Lokacin yanka ya ɗora marufin kunne a kai. Inda ake kuskure shi ne cirewa don hira injin na aiki: in ya cire na rabin awa kawai a aikin awa 8, ƙarar da matoshin zai rage masa ba za ta wuce desibel 12 ba, komai kyawun matoshin. Kuma tunda kunne a toshe yake, ba zai ji abin da ke tahowa ba, dole a tsayar da mai tuta yana duba wa ma'aikatan layi.

Ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a yi masa gwajin ji, bayan ya huta daga ƙara aƙalla awa 14. Ya adana takardar, don dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da kurumtar da aiki ya jawo. Kafin nan don Allah kada a ɗiga masa manja ko ruwan albasa, kada kuma a yi masa allurar jentamaisin a kemis, ita ma tana taɓa ji.